Yadda Ɗalibi Mai Sanin Makamar Aiki Zai Tsaya da Ƙafarsa, Ya Kuma Iya Buɗe Baki a Wurin Aiki

Ɗalibin da makaranta ta tura wata ma'aikata don sanin makamar aiki yana zaune ne a tsaka mai wuya. Ba a ɗauke shi aiki ba, balle a kira shi ma'aikaci, amma kullum da safe ana sa ran ganinsa. Babu wanda za a rage wa albashi idan ɗalibin bai koyi komai ba. Mutanen da ya tarar kowa da abin da ya sha masa kai, kuma mafi yawansu ba mugunta ce ke sa su ƙyale shi ba, mantawa kawai suke yi yana wurin. Haka wata uku ko shida za su shuɗe, ɗalibi ya fito da sa hannu a takarda da gwaninta wajen kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, shi ke nan.

Abin da ke raba wanda ya amfana da wanda ya ɗumama kujera yawanci bai shafi kaifin ƙwaƙwalwa ba. Wanda ya amfana shi ne wanda ya iya neman abu takamaimai, a kan lokaci, a wurin mutumin da ke da ikon bayarwa. Ƙarfin gwiwa kuwa daga baya yake zuwa, bayan an yi aiki an ga an iya. Wanda ya ce sai ya ji zuciyarsa ta dake sannan zai yi magana, wa'adinsa zai ƙare yana jira. Matakan da ke ƙasa an jera su ne bisa yadda abubuwa suka saba zuwa, kuma duk inda na ce "ka", har da ke.

Mataki na 1: San abin da aka shirya a kanka tun kafin ka je

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ranar farko, nemi duk takardar da ke tsakanin makarantarka da ma'aikatar, ka karanta ta da kanka: ranar farawa da ranar gamawa, awoyin aiki, sashen da aka tura ka, sunan wanda zai kula da kai a can da sunan malamin da ke bibiyarka daga makaranta, ko akwai alawus ko babu, da abin da ake so ka koya. Idan babu takarda ko kaɗan, aika gajeren imel ka jera abin da aka faɗa maka da baki, ka roƙi a tabbatar maka.

Dokoki sun sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa dole ne ɗalibi da makaranta da ma'aikata su sa hannu a yarjejeniya guda, kuma idan horon ya wuce wata biyu wajibi ne a biya ɗalibin wani abu. A Amurka, tun 2018 ma'aikatar ƙwadago ke amfani da ma'auni mai sharuɗɗa bakwai don tantance wa ya fi cin moriyar zaman, ɗalibi ko kamfani. Idan kamfani ne, to ma'aikaci ne a idon doka, sai a biya shi. Wasu wuraren kuwa ƙa'idar makaranta ce kaɗai madogara. Bincika wadda ta shafe ka. Wanda bai san haƙƙinsa ba, duk abin da aka yi masa sai ya ɗauka haka ake yi.

Sannan ka rubuta wa kanka abubuwa uku da kake son iyawa kafin ka fita. "Ina son samun gogewa" ba buri ba ne da za a iya taimaka maka a kai. "Ina son in iya haɗa rahoton wata daga farko har ƙarshe" ko "ina son in iya ɗaukar bayanin mara lafiya a gaban babba" ko "ina son in iya gano matsalar injin kafin a faɗa mini", waɗannan su ne abubuwan da mai kula da kai zai ji ya san inda zai sa ka.

Mataki na 2: Makon farko na ido ne da kunne

Riƙe sunaye da muƙamai. Lura da wanda ake zuwa wurinsa idan abu ya cije, domin sau da yawa ba shi ne mai babban ofis ba. Sakatare, mai kula da sito, direba, tsohon ma'aikacin da ya shekara goma sha a kujera ɗaya, su ne suka san yadda wurin ke tafiya da gaske, kuma gaisuwa mai kyau ba ta cin komai. Lura kuma da yadda ake isar da saƙo: da baki, ta imel, ko ta waya, da lokacin da shugaba yake da sukunin saurare.

Kafin makon ya ƙare, nemi minti goma sha biyar na mai kula da kai. Kada ka tare shi a hanya, ka ce, "Yallaɓai, ina neman ɗan lokaci kaɗan a cikin makon nan, in ji abin da ake bukata daga gare ni. Wace rana ce ta fi maka sauƙi?" A zaman, kawo abubuwan nan uku da ka rubuta, sannan ka yi tambayoyi huɗu: wane aiki ne nawa, wa zan tambaya idan ba ka nan, ta wace hanya ka fi so in tuntuɓe ka, kuma za mu iya zama sau ɗaya a mako ko da na minti goma ne? Tambayar ƙarshe ita ce mafi tsada. Idan aka tsayar da wannan zaman, ba sai ka riƙa neman ƙofar shiga kowane lokaci ba, domin an riga an ware maka lokacin magana.

Mataki na 3: Ƙaramin aiki, a gama shi tsaf, a rubuta

A nan ne ɗalibai da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. An ba su aikin da suke gani bai kai matsayin karatunsu ba, sai su yi shi da ƙyuya, sai mai kula ya yanke hukuncin cewa ba za a iya ba su babba ba.

Wata masaniyar halayyar al'umma, Jean Lave, ta yi nazarin telolin ƙabilun Vai da Gola a Monrobiya ta ƙasar Laberiya a shekarun 1970, ta ga cewa yaran shago suna koyon ɗinki ne daga ƙarshe zuwa farko. Sukan fara da sa maɓalli da kalmasa baki, daga nan su hau keken ɗinki, yankan yadi kuwa sai can daga baya. Hikimar a fili take: kuskure a wajen maɓalli ana warware shi cikin minti biyu, kuskure a wajen yanka kuwa asarar yadi ne. Kuma yaron da ya daɗe yana juya rigar da aka gama ya riga ya san siffar abin da zai yanka wata rana. Haka ma'aikatu da yawa ke yi ko da ba su tsara hakan da gangan ba. Wanda aka ba shi shigar da bayanai a kwamfuta yana ganin duk takardun da ke ratsa sashen, idan dai idonsa a buɗe yake.

Sai dai akwai bambanci tsakanin ƙaramin aikin da ke cikin sana'ar da aiken da ba ruwansa da ita. Na farko tsani ne. Na biyu za mu zo kansa.

Game da ƙarfin gwiwa, Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya bayyana a 1977 cewa yardar mutum da iyawarsa tana fitowa daga wurare huɗu: abin da ya taɓa yi da hannunsa ya yi nasara, ganin wani kamarsa ya yi, ƙarfafawar da wasu ke yi masa da baki, da kuma yanayin jikinsa, kamar faɗuwar gaba ko natsuwa. A cikin huɗun, na farko ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wato duk yawan "za ka iya" da abokai za su faɗa maka bai kai aiki ɗaya da ka gama aka karɓa ba. Matsalar ita ce zuciya tana riƙe kuskure ta saki nasara. Ranar da aka yi maka faɗa za ka tuna ta har da launin rigar mai faɗan, amma ayyuka goma da suka wuce lami lafiya sun ɓace.

Maganin wannan shi ne littafi naka na kanka, daban da wanda makaranta ke dubawa. Kowace rana kafin ka tashi, rubuta layi uku: abin da na yi, abin da na koya, abin da ban gane ba. Sa kwanan wata, sa adadi inda akwai adadi, sa sunan wanda ya ba ka aikin. Kada ka kwafi sirrin ma'aikata ko bayanan abokan hulɗarta a ciki. Aikinka kake rubutawa, ba nasu ba. Wannan littafin zai yi maka amfani sau uku: ranar da gwiwarka ta yi sanyi, ranar da za ka nemi babban aiki, da ranar da za ka nemi takardar shaida.

Idan kuma kana jin kamar kuskure aka yi aka ɗauke ka, kuma yau ko gobe asirinka zai tonu, ka sani abin har suna gare shi a ilimin halayyar ɗan Adam: "impostor phenomenon" a Turance, wato mutum ya riƙa jin kansa kamar na bogi. Pauline Clance da Suzanne Imes sun rubuta a kansa a 1978, bayan aiki da mata sama da 150 waɗanda suka yi fice a karatu da sana'a, amma suna ganin sa'a ce kawai ta kai su inda suke. Jin haka ba hujja ba ce a kan iyawarka. Hujja tana cikin littafin.

Mataki na 4: Koyi yin tambaya

Kowa ya san matambayi ba ya ɓata, amma sani bai hana baki yin nauyi ba. Abu biyu ke riƙe ɗalibi: tsoron a ce bai san komai ba, da tsoron a ƙi shi. Dukansu an gwada su, an ga mutane suna zuzuta su fiye da kima.

Thomas Gilovich da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell sun wallafa wani gwaji a 2000, inda suka sa ɗalibai sanya riga mai hoton da ke ba su kunya, suka shiga ɗaki mai mutane. Masu rigar sun yi zaton kusan rabin mutanen za su lura, amma waɗanda suka lura ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Francis Flynn da Vanessa Lake kuma sun nuna a 2008 cewa idan aka tura mutane su roƙi baƙi wata ƙaramar alfarma, sukan yi hasashen sai sun tambayi kusan ninki biyu na adadin mutanen da a zahiri suka bukata. Mai roƙo yana lissafin wahalar da zai ɗora wa mutum, ya manta cewa cewa "a'a" ma nauyi gare ta.

To amma tambaya ma tana da ladabinta, kuma ita kanta tana nuna irin ɗalibin da kai ne. Ga yadda nake ganin ya fi:

Fara gwadawa da kanka na ɗan lokaci, kamar minti ashirin ko talatin, ka duba takardun da aka ba ka da aikin da aka yi a baya. Wannan sharaɗin bai shafi duk abin da ke da haɗari ba. Inda akwai mara lafiya, wutar lantarki, injin da ke juyawa, sinadari ko kuɗin mutane, ba a gwaji. Tambaya ake yi tun kafin a taɓa.

Idan ka zo tambaya, zo da inda ka tsaya. "Ban gane ba" tana tilasta wa mutum ya faro daga farko, shi ya sa take gajiyarwa. Kwatanta ta da wannan: "Malama, na bi tsarin rahoton watan jiya, na kai wajen jimilla, sai na ga adadina bai yi daidai da na rasit ba. Ina zargin akwai wanda aka shigar sau biyu. In cire shi, ko akwai dalilin barinsa?" Wannan amsarta ba ta wuce daƙiƙa talatin, kuma mai amsawa ya ga ka yi tunani.

Tara ƙananan tambayoyi ka kai su gaba ɗaya maimakon ka riƙa leƙowa kowane minti goma. Rubuta amsa a gaban mai ba ka ita. Tambaya ɗaya sau biyu ana haƙuri da ita, sau huɗu kuwa ta zama rashin kula.

Duk lokacin da aka ba ka aiki, maimaita shi da bakinka kafin ka juya: me ake so, zuwa yaushe, a wace siffa, wa za a miƙa wa. Rabin abin da ake kira kuskuren ɗalibi umarni ne da aka bayar a tsaye, ana sauri.

Sai kuma ɗabi'ar yawan ba da haƙuri. Wasu kafin su yi tambaya sai sun jera "yi haƙuri, na san shirme ne, wataƙila ma ban fahimta ba". Ladabi daban, rage wa kai daraja daban. Gaisuwa, neman izini sau ɗaya, sai magana.

Mataki na 5: Nemi aikin gaske

Idan mako biyu ko uku sun wuce kana gama ƙananan ayyuka da kyau, lokaci ya yi. Kada ka ce "ba ni da aikin yi", domin kunnen shugaba ƙorafi yake ji, kuma abin da zai faɗo masa a rai shi ne ya tura ka jera tsofaffin fayiloli. Duba da kanka ka gano aikin da ya yi wa sashen yawa, sannan ka nemi yanki daga cikinsa wanda idan ka ɓata ba za a yi babbar asara ba.

"Yallaɓai, na gama shigar da bayanan da ka ba ni tun jiya. Na lura ana shirin rahoton ƙarshen wata. Ko zan iya rubuta daftarin kashi na biyu, ka duba kafin ranar Laraba? Idan bai yi ba, ba a rasa komai ba, akwai sauran lokaci."

Dubi abin da ke cikin wannan maganar: shaidar an gama na baya, aiki takamaimai, rana, da hanyar da shugaba zai tsira idan abin bai yi kyau ba. Mai kula da kai yana tsoron abu ɗaya, wato ya ba ka aiki ya dawo yana gyara ninki biyu. Cire masa wannan tsoron, ka ga yadda amsa ke sauƙi.

Idan an ce a'a, tambayi abin da ya rage ka iya kafin a ba ka, kuma ka nemi izinin zama kusa da mai yin aikin kana kallo. Idan an ce "sai an jima" aka manta, tuna masa a zamanku na mako. Tuni sau ɗaya ko biyu ba naci ba ne. Idan kuwa wata guda ya wuce babu abin da ya canza, sanar da malamin da ke bibiyarka daga makaranta, cikin natsuwa, da littafinka a hannu. Aikinsa ke nan, kuma gara ya ji tun akwai sauran lokacin gyara.

Mataki na 6: Kuskure da gyara

Za ka yi kuskure. Abin da ke hannunka shi ne tsawon lokacin da zai ɗauka kafin wanda ya dace ya sani. Faɗa da wuri, da bakinka, a jere: abin da ya faru, abin da ya shafa, abin da ka riga ka yi, da abin da kake ganin ya kamata a yi. Kada ka tsawaita ba da haƙuri, kada ka jawo sunan wani don rage wa kanka zafi.

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ci karo da wani abin mamaki a binciken da ta yi a asibitoci a shekarun 1990: rukunin ma'aikatan jinya da suka fi samun kyakkyawan shugabanci su ne aka fi samun rahoton kuskuren magani a wurinsu. Da aka bi diddigi, sai ta fahimci cewa sun fi sakin jiki ne su faɗi kuskure, yayin da sauran ke ɓoyewa. Darasin ga ɗalibi biyu ne. Wurin kirki yana son a faɗa. Idan kuma ka tsinci kanka a wurin da ake wulaƙanta duk wanda ya faɗi kuskurensa, to shirun da kake yi ba duka ne laifinka ba. Yanayin wurin ne, kuma sai ka ƙara dogara da rubutu da malaminka na makaranta.

Wajen neman gyara, "yaya aikina?" ba ta haifar da komai sai "ba laifi". Tambayi abu ɗaya: "Wane abu guda ne idan na gyara rahoton nan zai fi kyau?" Idan gyaran ya zo da zafi, saurara har ƙarshe, rubuta, yi godiya, ka bar gardama sai ka kwana a kai. Washegari ka ware abin da ya shafi aikin daga abin da ya shafi halin mai maganar. Na farkon ka yi aiki da shi, ka kuma koma ka nuna an gyara, domin ba abin da ke sa babba ya ci gaba da koyar da yaro kamar ya ga maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba.

Mataki na 7: Magana a gaban manya

A taro, shirya abu ɗaya tun kafin a shiga, tambaya ko bayanin aikinka cikin jimla uku, ka faɗe shi da wuri kafin faɗuwar gaba ta taru. Idan wurin ba a saba ƙanana su yi magana ba, tambayi mai kula da kai tukuna, ko ka kai masa ra'ayinka bayan an tashi. Idan wani ya gabatar da aikinka kamar nasa, kada ka yi fito-na-fito a bainar jama'a. A zamanku na mako ka ce, "Na ji daɗi da aka yi amfani da jadawalin da na haɗa, ko akwai abin da zan ƙara a kai?" Ka mayar da sunanka kan aikinka ba tare da ka zargi kowa ba. Daga nan kuma ka riƙa miƙa aiki ta imel, inda kwanan wata da suna ke zama.

Mafi wuya shi ne ka ga babba zai yi kuskure. A ranar 27 ga Maris 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife, mutum 583 suka mutu. A cikin jirgin da ya taso, injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da tabbaci cewa ya bari, aka ci gaba da gudu. Wannan hatsarin yana cikin abubuwan da suka sa kamfanonin jiragen sama suka fara horar da ƙananan matuƙa yadda za su ƙalubalanci manya, daga baya asibitoci suka ara. Tsarin hawa-hawa ne. Ka fara da tambaya: "Yallaɓai, wannan adadin haka yake, ko ni ne na karanta ba daidai ba?" Idan ba a saurara ba, ka faɗi damuwarka a fili: "Hankalina bai kwanta da wannan ba, ga dalili." Idan har yanzu ba a tsaya ba kuma akwai haɗari ga rai ko lafiya, ka ce a dakata, ka kira wani babba. A harkar takardu da lissafi, hawa na farko da na biyu sun isa, kuma a keɓe ake yinsu. Idan ta bayyana kai ne ba ka gane ba, ka koyi abu, ba a yi asarar komai ba.

Mataki na 8: Inda ake ja layi

Aike sau ɗaya ko biyu, kowa na yi wa kowa a wurin aiki. Idan ya zama shi ne aikinka kullum, ko ana tsare ka bayan lokacin tashi ba dalili, ko ayyuka sun yi karo, yi magana da harshen aiki: "Malam, ina kan aikin da shugaban sashe ya ce a gama kafin azahar. Idan wannan ya fi gaggawa, bari in sanar da shi a sauya." Ka bar manya su daidaita a tsakaninsu.

Akwai kuma abubuwan da ba a sasantawa a kansu: a sa ka aiki mai haɗari ba horo ba kayan kariya, a ce ka sa hannu a kan abin da ba ka gani ba ko ka canza adadi, zagi da wulaƙanci, da neman lalata ko taɓa jiki ko saƙonnin da ba su dace ba. Wannan na ƙarshe ya fi faɗa wa ɗalibai mata, kuma mai yinsa yana dogara ne da cewa sa hannunsa ake jira. Yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, ta ambaci masu koyon aiki da masu sanin makamar aiki ƙarara a cikin waɗanda take karewa, ko da yake tana aiki ne a ƙasashen da suka rattaba mata hannu.

Idan haka ta faru, rubuta rana, lokaci, wuri, abin da aka ce ko aka yi, da wanda ke wurin. Adana saƙonni a wani wuri da ba na'urar ofis ba. Faɗa wa wani da kika yarda da shi a ranar, kada ki riƙe ke kaɗai. Sannan ki kai magana ga malamin da ke bibiyarki da sashen kula da ma'aikata, a rubuce. Idan wanda ake ƙara shi ne mai kula da ke, tsallake shi. Makaranta tana iya sauya wa ɗalibi wuri, kuma neman a sauya ba faɗuwa ba ce.

Mataki na 9: Mako biyu kafin ka tafi

Kada ka bari sai ranar ƙarshe. Buɗe littafinka, ka fitar da shafi ɗaya: ayyukan da ka yi, kayan aiki ko manhajojin da ka iya, da abin da sashen ya amfana da shi. Nemi zama na ƙarshe, ka miƙa shafin, ka roƙi takardar shaida: "Yallaɓai, ko za ka iya rubuta mini takardar shaida kafin ranar Juma'a ta sama? Ga jerin ayyukan da na yi, don ya sauƙaƙa maka." Takardar da aka rubuta daga irin wannan shafin tana ambaton aiki da sunansa, saɓanin wadda ke cewa ɗalibi mai ladabi ne kawai. Tambaye shi kuma ko ya yarda ka ba da sunansa da lambarsa idan masu ɗaukar aiki sun nemi wanda zai yi maka shaida, kuma wace hanya ya fi so a tuntuɓe shi.

Idan kana son aiki a wurin, faɗa da baki, ka tambayi lokacin da suke ɗauka da hanyar da ake bi. Duk aikin da bai ƙare ba, rubuta inda ka tsaya da inda fayilolin suke, ka miƙa wa wanda zai gada. Tabbatar an sa hannu da hatimi a duk takardun makaranta, ka ɗauki hotonsu, ka mayar da katin shiga da makullai da duk kayan ofis da ke hannunka, a rubuta cewa ka mayar.